Gurbin Yatsa a Ƙafar 'Yar Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'Yar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin kuma gano inda ake ɗibar ruwa tun kafin ki buƙace shi. Allah Ya tsare miki hanya, Ya raba ki da direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoron Allah.

Kafin komai akwai sanarwa mai nauyi. Ni, Malam Sabi'u, malamin ilimin halittu a ƙasar Bagwai, bayan dogon nazari da shawara da zuciyata, na sauka daga mulkin jan fulas ɗina, na miƙa miki shi ba tare da an tilasta mini ba. Yana ƙasan jakarki, a naɗe cikin zanin gado. Murfinsa ba ya kamawa sai kin sa masa leda, kuma in kin zuba shayi da asuba ki shanye kafin hantsi, don daga nan ba ya ɗaukar alhakin kowa. Mamanki ta ce in ji kunya in sayo miki sabo. Na ce mata sabo ba shi da tarihi.

To, shi ke nan an gama da manyan al'amura, sai ƙananan.

Kin san abin da ke tsakaninmu. Sakamakon jarrabawarki ya isa likitanci har da saura, amma kika zaɓi bayokemistiri, kika ce ke aikin da ƙwayoyin jiki ke yi a ɓoye kike son ki sani. Ni kuwa na riga na gama shelanta wa majalisar ƙofar masallaci cewa gidana zai fitar da likita, har wasu dattawa sun fara kawo mini labarin ciwon gwiwarsu don su kama layi da wuri. Da kika ƙi sauyawa, na ce karatunki na waɗanda likitanci ya ƙi ne. Na kuma ce ba zan sa wa tafiyarki albarka ba sai kin ɗauki alƙawarin cewa in shekarar farko ta ƙare za ki nemi a mayar da ke likitanci. Kika ɗauka, kanki a sunkuye. Tun ranar gaisuwarki ta koma "ina kwana" da "sannu da zuwa", babu ko ɗigon miya a kai.

A kan wannan alƙawari nake rubuto miki. Sai dai ni malamin makaranta ne, ba na iya kaiwa ƙarshen magana sai na bi ta farkonta. Ki yi haƙuri ki karanta, tunda a takarda ba za ki iya kallon ƙasa kina jira in gama ba.

Kin sha jin labarin ciwon da kika yi bayan yaye, amma daga bakin kakarki Inna kika ji shi, ita kuwa har gobe cewa take bakin mutane ne ya kama ki. Ga yadda ni na san shi.

An yaye ki ne a cikin shekarun nan da damina ta dinga yi mana gardama. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya ƙugu, Fulanin da ke kawo nono suka kora shanunsu kudu, albashi kuma ya koma kamar baƙon da ake ta jin labarin yana hanya. Ɗan waken da gyaɗar da na samu a gefen gona sai na dube su, na dubi rumbu, na yi dabara irin ta masu ilimi. Na kai su kasuwa na musanyo dawa, don dawa ta fi cika ido, kuma ta fi kai gida nesa. Na dawo ina taƙama. Na ce wa mamanki, "Bana dai ba wanda zai kwana da yunwa a gidan nan." Kuma ba wanda ya kwana da ita. Tuwo da dare, koko da safe, ciki a cike.

Abin dariyar shi ne a daidai wannan zango ina koya wa ɗalibai yadda ƙwayar jiki ke ƙera furotin, wato sinadarin da ake gina tsoka da jini da fata da shi. Darasin da na fi ƙauna ke nan. Nakan ce musu su ɗauki kowace ƙwaya kamar unguwar masu hula. A tsakiyarta akwai ɗakin da aka ajiye asalin zane, kuma asalin ba ya fita ko sarki ne ya aiko. Kwafinsa ake yi a miƙo waje. A waje masu ɗinki na jira, su ne ribosom, suna bin zanen suna jera ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, ɗaya bayan ɗaya, kamar zare launi-launi. Iri ashirin ne. Wasu jiki na haɗa su da kansa, wasu kuwa dole sai daga akushi za su zo. In zane ya ce a sa jan zare kuma babu ja, mai ɗinkin nan ba ya cewa bari in lallaɓa da kore. Ajiye allura yake yi ya zauna. Gero da dawa suna da ƙarancin wani zare guda, laisin, wanda wake da gyaɗa da kifi suka fi su shi nesa ba kusa ba. Na faɗi wannan a aji da safe, alli a hannuna, alhali waken gidana yana cikin tukunyar wani a birni.

Don haka ga shawara ta farko, kuma ba ta da wani zurfi: ki ci wake. Za ki ga 'yan makaranta suna rayuwa a kan garin kwaki da taliyar leda suna cewa sun ƙoshi. Ƙoshi daban, gini daban. Mamanki ta sa miki ƙuli-ƙuli da dakakken kifi a gwangwanin madara, kada ki rabar da su a makon farko don a ce kina da kirki. Haka kuma a karatu, kada yawan shafukan da kika haɗiye ya ruɗe ki. Ki riƙa tambayar kanki wane zare ne babu.

Ban gama da hular ba. In an gama ɗinki ba a kai ta kasuwa haka nan. Furotin da za a fitar waje, tun ana cikin ɗinka shi ake zura shi cikin wasu lunguna na ƙwayar, a can ake naɗe shi ya ɗauki siffarsa, a duba shi, wanda ya karkace a warware shi a mayar da zaren. Wanda ya tsallake sai a tura shi Golji, wurin wanki da bugu, inda ake datse masa abin da ya yi saura, a ƙara masa abin da ya rage, a sa masa alamar inda za shi. Daga nan a ƙulle shi cikin 'yar jaka a kai bakin ƙofa. Nakan zana Golji a allo kamar gurasa an jera ta, in tsaya ina kallonsa ina jin daɗi, har yara suka sa mini suna Malam Golji. Suna tsammani ban sani ba. Ni kuwa da sun rubuta mini shi a ƙofar ofis da na gode.

Kuskure na biyu ya fi na farko, kuma ba yunwa ce ta jawo shi ba.

Ke 'yar fari ce. Kin san abin da hakan ke nufi a wurinmu. Uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya zura masa ido. In an ce yaron ya yi kyau sai ya dubi katanga. Mamanki ma haka, in kina kuka a gaban surukai sai ta yi kamar kukan 'yar maƙwabta ne. Da lokacin yaye ya yi aka kai ki gidan Inna a ƙauyenmu na gefen dam ɗin Watari, kamar yadda aka saba, don ki manta da nono. Inna ta karɓe ki hannu biyu, ta ɗora ki a kan abin da take da shi, wato kunun dawa da safe, kunun dawa da rana, tuwo da miyar kuka in kin yarda. Ba laifinta ba ne. Abin da na aika mata ke nan.

Duk Juma'a nakan hau keke in je gaishe ta. In zauna a bakin tabarma, ke kina can gindin turmi, in saci kallonki ta wutsiyar ido kamar mai leƙen amsar wani a jarrabawa. Daga wannan nisa abin da nake gani shi ne kumatu. Kullum ƙara cika suke.

Inna takan ce, "Kai ɗan boko, ɗago kai ka ga aikin kunu. Da tana hannunku kamar tsinken tsintsiya, yanzu dubi ƙafafu, dubi ciki!"

Ni kuma in ce, ina kallon katanga, "Ai Inna hannunki da albarka."

Har a ofishin malamai na ba da labari. Na ce a wannan shekara da kowa ke ramewa, akwai wata yarinya a gidanmu da ke ƙiba. Wata yarinya, kin ji, don ko a can ban iya cewa 'yata ba.

Wata Juma'a da la'asar na iso na tarar Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Tsakar gida ba kowa sai ke da zabi. Kina zaune inda aka ajiye ki, ba kuka, ba wasa, ga ludayi a gabanki ba ki ko dube shi ba. Na duba dama, na duba hagu, na leƙa zaure, sannan na ɗauke ki, kamar ɓarawon akuya. Wannan ne karo na farko da na riƙe ki tun kina cikin zanin goyo.

Nauyinki bai yi daidai da girmanki ba. Hannuwanki daga kafaɗa sirara ne, ƙafafun ne suka cika, suna sheƙi, da sanyi. Gashinki ya yi ja-ja, ya yi laushi, na shafa sai ga shi a tafina. Na riƙe ƙafarki ina jujjuyawa, da na ɗaga babban yatsana sai na ga ya bar gurbi, kamar na danna cikin ƙullun alkama. Na jira ya ciko. Bai ciko ba. Na danna ɗaya ƙafar, ita ma haka.

'Yar Inna, na san wannan gurbi. Na sha ba da shi a jarrabawa. Hanta ce ke ƙera wani furotin mai suna albumin, ta bi da shi ta duk hanyar nan da na faɗa miki, ta zuba shi cikin jini, shi kuma ya riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In masu ɗinki sun ajiye allura, ruwa sai ya tsiyaye ya taru a ƙafa da fuska. Cikin nan da Inna ke yabo kuwa, har da hanta a ciki, ta cika da kitse, don furotin ɗin da ke dakon kitse daga hanta zuwa sauran jiki shi ma babu. Kin ga yadda tumatir ke yi a bakin Watari in an tsinke an jera kwanduna motoci ba su zo ba. Abin da muke kira ƙiba tamowa ce, mai kumburi. Makonni ina kallonta daga bakin tabarma ina cewa hannun Inna da albarka.

Ga shawara ta biyu. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ki zubar da ita a tashar mota ba. Amma duk abin da aka ba ki amanarsa, ki matsa kusa ki taɓa shi. In malami ya yi bayani ba ki gane ba, ki ɗaga hannu ko da 'yan birni za su yi dariyar Turancinki. In abokiyar ɗakinki ta yi shiru kwana da kwanaki, kada ki ce ba ruwanki, ki zauna kusa da ita ki tambaya. Daga nesa kumburi da ƙiba kamarsu ɗaya.

Kuskure na uku na yi shi ne a cikin awa guda da gano na biyu, don ni in na tashi gyara ba na tsayawa. Na ajiye ki na hau keke na tafi wurin mai tsire, na karɓo bashin nama mai yawa, na dawo na tattauna shi na dinga tura miki. A lissafina furotin ne babu, ga furotin. Kika haɗiye kaɗan don dole, kika dawo da shi duka a kan rigata ta Juma'a, sannan zawo ya biyo baya. Inna ta shigo ta tarar da ni a durƙushe da 'yar fari a hannu, tsire a warwatse, zabi na ta biki.

Ta ce, "Inna lillahi! Sabi'u, me zan gani? Haukar boko ce ta motsa?"

Na ce, "Inna, yarinyar nan ba ƙiba take ba. Ba ta da lafiya."

Ta ce, "Da ba ta da lafiya sai ka zo da tsire? A wane littafin?"

Babu littafin kam. Washegari da safe na ce asibitin Bagwai za mu. Inna ta ce a bari ta nemo mai goya ki, don ba a taɓa ganin uba ya ratsa gari da ɗan fari ba. Na ce ba zan jira ba. Na saɓa ki a kafaɗa na fito ta tsakiyar ƙauye, ta gaban masu dakan fura, ta gaban majalisar dattawa, Inna na biye da ni da mayafi a hannu tana salati.

Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ba ta farin ba ce kuwa?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya ce, "To, Allah Ya kyauta. Zamani!"

Na ce, "Amin," ban rage sauri ba. Ina gaya miki, ban taɓa jin tsayina ya kai na ranar ba.

A asibiti aka kwantar da ke, aka aika Bagwai cikin gari aka kira mamanki. Ma'aikaciyar jinyar ta ce madara za a fara da ita, tsararriya, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ba nama, ba gaggawa. Tana faɗa na ga inda na yi ɓatan kai. Abubuwan da ke narkar da abinci a hanji su ma furotin ne, su ma sai an ƙera su an fitar. Unguwar masu hula ta daɗe a rufe, masu ɗinki sun watse, ni kuma na zo na juye musu buhun zare a ƙofa na ce su fito da hula yanzu. Dole sai an buɗe shago ɗaya, a share, a kira mutum ɗaya ya zauna, sannan na biyu.

Shawara ta uku ke nan, kuma ita ce na fi so ki riƙe don na san jinin da ke jikinki. In kin gano kin yi kuskure, kada ki gyara shi da gudu. In kin faɗi wata jarrabawa, kada ki ce za ki haɗiye littafin a kwana biyu. Cokali-cokali, a kai a kai.

Da aka sallamo ki aka ce a riƙa ƙara miki ƙwai da wake da kifi, sai yaƙi ya koma gida. Inna na da zabi masu ƙwai, amma ƙwan na sayarwa ne, in ya yi saura na maigida ne. Yaro ba ya ci.

Ta ce, "Ƙwai? Ga 'ya mace? So kake ta tashi da ɗauke-ɗauke, ta fara da akurki ta ƙare da akwatin mutane?"

Na ce, "Inna, in ta yi sata ni zan biya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da me?"

Mamanki da ke bakin murhu ta juya baya, tana ɓoye dariya. Ni dai na tsaya a kan bakana. Na ce daga yau tsokar da ake sa mini a miya a daka ta a kunun yarinya, ƙwai kuma kullum ɗaya, in ba haka ba ni ma na daina cin tuwon gidan. Inna ta ce in daina mana, a huta da wanke akushi. Amma da gari ya waye ita da kanta ta dafa ƙwan, ta ɓare, ta miƙa wa mamanki tana kallon wani wuri, ta ce, "Ungo, ba wa ɓarauniyar." Na riƙa zuwa bakin dam wurin masunta ina roƙo 'yan ƙananan kifin da ba sa shiga kasuwa, mu shanya mu daka. Na koma wurin wanda na sayar wa wake na sayo kaɗan daga cikinsa da tsadar da ta sa ya kasa haɗa ido da ni.

Sai kumburi ya fara saɓewa. Kumatu suka faɗa, ƙafafu suka koma kamar sillen kara, ainihin ramar da ruwa ya ɓoye ta fito fili. Inna ta ɗora hannu a ka.

Ta ce, "Ka gani ko? Na ba ka yarinya kamar tulu, ka mayar mini da ita kamar muciya. Ka tsotse mini jika da iliminka!"

Na ce, "Inna, ruwan ne ya koma inda ya fito. Masu ɗinki sun dawo aiki."

Ta ce, "Waɗanne masu ɗinki kuma? Wayyo ni, yaron nan ya tafi."

Na rantse miki ranar da farin ciki na kwana, ina kallon ƙafar da na danna ta ciko nan take. Bayan wasu kwanaki, ina riƙe da ke a tsakar gida, a gaban kowa, don zuwa lokacin an gaji da yi mini magana, kika miƙa hannu kika cafke gemuna kika ja, na ce wash, kika yi dariya. Tun da aka kai ki yaye ba wanda ya ji dariyarki. Mamanki ta saki tsintsiya. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Na taɓa cin gasar muhawara, na taɓa fitar da ajin da ba wanda ya faɗi darasina, amma duk ban ɗauke su a bakin komai ba in aka gwada da wannan jan gemu. Mun yi nasara a shekarar da ba ta bar wa mutane da yawa 'ya'yansu ba. Kika tashi, kika yi tsawo har kika wuce mamanki, kika riƙa zuwa ta ɗaya, kuma iyakar sanina har yau ba ki saci ko allura ba.

To, yanzu mun iso inda nake ta kewaye.

Ranar da muka yi musu a kan karatunki kin yi mini wata tambaya. Kika ce, "Baba, a gidan Inna ba ni kaɗai ba ce. Akwai Sa'a 'yar Kawu, tsararmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, kunu ɗaya. Ni na kumbura, ita ramewa kawai ta yi. Me ya sa?"

Na ce albumin, na fara zana miki hanta a iska.

Kika ce, "Baba, wannan wani ɓangare ne. Masana har yanzu ba su daidaita a kan dalilin ba. Shi nake so in karanta."

Ni kuma na ce, "Ni za ki koya wa tamowa? Ni da na ɗauke ki a kafaɗa?" Daga nan na kawo maganar alƙawari, don in mutum ya rasa amsa yakan nemi hukunci.

Bayan kin fita tambayar ta ƙi fita. Sa'a na nan, ga ta da 'ya'yanta, kuma gaskiya ne, kwano ɗaya kuka sha. Na koma littattafaina, na ari wayar wani abokin aiki na yi ta karatu har idona ya yi ruwa. Abin da na tarar shi ne abin da kika faɗa. Wasu na cewa ƙarancin furotin ne, wasu na cewa har da ƙwayoyin da ke zaune a hanji, wasu na zargin gubar da ke fitowa a hatsin da ya yi funfuna, wasu na duban wasu sinadarai daban. Shekara da shekaru ina koyar da abin kamar an gama shi an naɗe an kai Golji, ashe hular tana hannun masu ɗinki.

Kuma kin ga yadda shekarun nan suka sake juyowa. Kin ga abin da mudun wake ya zama. Makon jiya na bi ta asibitin na ga mata a jere a baranda da yara a cinya, wasu ƙafafunsu na sheƙi, kuma na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta ai nata ya fi kumari. Likitoci da ma'aikatan jinya suna iyakar ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu, su suka tsamo ki. Amma abin da aka gano suke aiki da shi. Sai an sami wanda zai zauna ya leƙa cikin ƙwayar ya gano abin da ya rage, kuma ban ga dalilin da zai sa kullum sai daga wata ƙasa mai leƙen zai fito ba, alhali yaran a barandarmu suke. Yarinyar da ta san kunun gidan Inna da bakinta ta fi kowa sanin inda za ta fara tambaya.

Saboda haka na warware alƙawarin nan. Ba ki da bashinsa, ba yau ba, ba ƙarshen shekara ba. In kin ga dama da kanki wata rana kin sauya, wannan naki ne, amma kada ki sauya don ni, ko don majalisar ƙofar masallaci, su zan san abin da zan gaya musu. Albarkar da na riƙe na sake ta duka, ba sharaɗi. Ki shiga ajinki da kai a ɗage.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki riƙa kiran mamanki ko ba ki da labari, don ita ba za ta ce tana kewarki ba, kin san dalili. Inna na gaishe ki, ta ce a gaya miki kada ki yarda da abincin da ba ki ga tukunyarsa ba. Ƙannenki na gaishe ki, sun riga sun raba katifarki.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga sharrin dare da na rana, Ya buɗa miki abin da ya shige wa na gabanki duhu, Ya sa iliminki ya amfani yaran da ba su san sunanki ba. Allah Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka. Amin.

Mahaifinki,
Malam Sabi'u

Na karanta takardar daga sama na ga na yi ta zagaye ban rubuta kalmar ba. Abin da na faɗa a kan karatunki ba daidai ba ne. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.